Hodar Gwaggo

Shekara goma sha tara Gwaggo tana wanke kwalabe a ɗakin binciken magunguna, kuma ko sau ɗaya ba a taɓa ganin fuskarta ba hoda ba. Maigidanta yakan ce ko gobara ta tashi sai ta shafa kafin ta fita.

Aikin ɗakin ta san shi daidai gwargwado. Ana naɗe maganin ciwon hanta cikin wasu ƙwayoyin kitse mitsi-mitsi, waɗanda ko ɗari aka jera ba su kai kaurin silin gashi ba, don su kai shi hanta kai tsaye ya yaƙi ƙwayar cutar, maimakon ya watsu a jiki. Idan maƙwabta suka tambaye ta, sai ta ce, “Riga muke ɗinka wa magani.” Da “muke” ɗin take faɗa, ba ta rage wa kanta komai.

Sai ga mako uku na'urar auna girman ƙwayoyin tana nuna wasu ƙattin ƙwayoyi cikin ruwan maganin. Dakta, shugabar ɗakin, ta ɗora laifin a kan mai haɗin maganin, wani bawan Allah mara magana da matarsa ta haihu kwanan nan. Ta ce idan aka sake samun haka ran Alhamis, sai dai ya nemi wani wurin.

Ran Laraba Gwaggo tana jera kwalabe, rana ta ratso taga. Ta yi atishawa, sai ta ga farin gari ya tashi daga kumatunta yana sauka a hankali cikin bakin kwalaben. Sabuwar hoda ce mai ƙyalli, ɗiyarta ta kawo mata mako uku da suka wuce. Nan take ta gane. Tana iya daina shafawa shiru abinta, tunda ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma sunan mutumin ya riga ya ɓaci.

Ta wanke fuska tas a famfon kwalabe, ta nufi ofis.

“Dakta, ni ce. Hodata ce ke faɗawa ciki.”

Dakta ta dube ta, ta sake dubawa, sai dariya ta ƙwace mata. “Gwaggo! Wato mako uku kwalliyarki muke aunawa?”

“In kora ce, ni za a kora.”

“Wa zai kore ki? Jeki sake wanke su.”

Ran Alhamis awo ya fito sumul. Dakta ta kira mai haɗin, ta ba shi haƙuri a gaban kowa. Ya tako har bakin famfo inda Gwaggo ke tsaye da fuskarta fayau, kunya ta ishe ta, ya naɗe hannun riga ya karɓi burushin daga hannunta.

“Zauna ki huta, Gwaggo,” ya ce. “Yau ni zan wanke.”