Kwana Goma a Lissafin Tela

Ina tsakar yi wa wani aski ƙanin Dogo ya leƙo shagona ya ce, "Yaya, abokinka ya cika." Wai zuciya ce. Na ajiye inji, na bar bawan Allah da rabin kai.

Shekara talatin shagon ɗinkinsa yana jikin nawa. Dogo gwanin tela ne, sai dai duk wanda ya zo karɓar kaya amsa ɗaya yake samu: "An gama, saura maɓalli." Alhali ko almakashi bai sa ba.

Zaman keken ɗinki ya lalata masa baya, aka rubuta masa ƙwaya mai ƙarfi. Ciwo ya lafa, ƙwaya ta ƙi sakinsa, har ta kai yana gyangyaɗi da allura a baki. Da 'yarsa ta haihu ya miƙa hannu, ta janye jaririyar.

"Baba, sai ka daina. Ba zan ba mai barci a tsaye 'yata ba."

Ni na raka shi asibiti. Likita ta ce akwai maganin da ke toshe wa ƙwayar hanya, amma sai mutum ya kwana goma bai sha ba. In da saura a jiki, maganin zai fizge ta lokaci guda, mutum ya ji a jikinsa. Ranar da muka koma ta tambaye shi, ya dube ta kamar wadda ta zo karɓar ɗinki.

"An gama, likita."

Ta ba shi maganin. Ashe da safen nan ƙwaya biyu ya haɗiya.

Muna isa shago abin ya taso. Hamma, hawaye, majina, ga gumi ga sanyi. Sawu bakwai ya yi zuwa bayi, ƙafafunsa suna harbi kamar yana taka keke. Ya jawo yadin wata mata ya ƙudundune, sai ga mai yadin.

"Dogo, ina kayana?"

Haƙora na kaɗawa ya ce, "Ana... ana gwaji."

A kafaɗa na mayar da shi asibiti, aka sa masa ruwa. Likita ta ce yaushe ya sha ta ƙarshe, ya juyo yana kallona. Na ce, "Ni kake kallo? Tare muka sha?" Ranar ce na fara jin Dogo ya faɗi lokaci daidai.

Kwana goman gaskiya a ɗakina ya yi su, yana zagina ina ƙirgawa. Bai sake komawa ga ƙwayar ba.

Shekaranjiya, kwana biyu kafin ya cika, na gan shi a ƙofar shago, jikar nan tasa, yanzu shekararta takwas, tana ɗare a wuyansa.

"Sauke ta, tsoho, ta kusa kai ka tsawo. Bayanka zai tashi."

"Ya tashi mana. Da kyar aka ba ni ita."

"To in ya tashi kar ka kira ni."

"Kai ɗin dai zan kira. Wa nake da shi mai ƙaton wuya irin naka?"