Farfaɗiyar da na ɗora wa ƙanena

Shekarun baya, tun Turawa na ƙasar nan, muna zaune a wani ƙauye na bakin kogin Haɗeja, ni da ƙanena. Ni na goya shi bayan rasuwar mahaifiyarmu. Ya yi boko har ya zama malamin elemantare, ni kuwa bandar kifi ce sana'ata.

Wata damina, ruwa ya shanye hanya, sai ga masinja a kwalekwale da takarda a hannu. Ƙanena ya tafi Kafin Hausa ta'aziyya, ni kaɗai ya tarar.

Ya ce, “Baiwar Allah, albishirinki! An zaɓi ƙanenki ya je Ingila ƙaro ilimi, gwamnati ce za ta ɗauki nauyinsa. Jibi ya kama jirgin ƙasa a Malam Madori, likita zai duba shi a Kano. Lafiyarsa ƙalau dai ko?”

To, ku ji ni da kyau. Mijina teku ya haye lokacin yaƙi, ko hularsa ba ta dawo ba. Da na ji Ingila sai na ce a raina shi ma ba zai dawo ba. Ban san sa'ad da bakina ya ce, “Ai farfaɗiya gare shi, ɓoyewa muke yi” ba.

Masinja ya yi salati, ya mayar da takarda aljihu, ya juya. Ni kuwa na koma kan kifina ina jin na yi dabara. Dabarar banza!

Aka tura wani a madadinsa. Magana kuma ta bi kogi, ƙauye-ƙauye. Abokan da suke cin tuwo kwano ɗaya da shi suka fara zuba masa nasa daban.

Ran nan da hantsi ƙanena ya shigo, ya tsuguna gefen murhu, ya daɗe yana kallon hayaƙi. Na tabbata ya ji daga bakin wa ta fito. Na shirya wa zagi.

Sai ya ce, “Yaya, yaushe na fara faɗuwar nan?”

Na ci gaba da juya kifina.

“Gaya mini. Mutane na tambayata, kada bakinmu ya saɓa a ce yayata maƙaryaciya ce.”

Wallahi da mari ya yi mini da ya fi sauƙi. Amma ban fita na ƙaryata kaina ba. Kullum sai in ce gobe. Ya koyar da yara har ya tsufa, duk wanda ya yi masa sannu da jiki sai ya amsa da “Alhamdulillahi.”

Na nemi gafararsa a ɗaki, ya yafe. Amma a waje na ɓata shi, kuma har ya koma ga Allah ban wanke shi a waje ba. Shi ya sa na ce jikata ta rubuta, kowa ya ji. Ƙanena bai taɓa faɗuwa ba, ko sau ɗaya. Ni na faɗa, kuma ƙarya na yi.