Tumatirin Suna

Maigidana malamin makaranta ne, kuma duk abin da ya gani a rubuce, to ya zauna ke nan. Shekarar da aka mayar da shi Kuyello, lokacin ana kashe fam da sule, ina da cikin ɗanmu na uku. Wata rana ya dawo daga Birnin Gwari a kan kekensa da ɗan ƙunshin takarda mai hoton jan tumatir. Malamin gona ne ya ba shi. An rubuta a jiki da Turanci cewa kwana sittin yake yi ya nuna.

Ya sauko da kalanda, ya tambaye ni wata nawa ungozoma ta ce ya rage mini. Na ce biyu da 'yan kwanaki. Ya yi lissafi da jan biro, ya ce ranar suna da tumatirinsa za a yi miya. Kafin Juma'a duk garin sun ji.

Ya yafa irin a gefen fadama, bayan gidanmu. Maƙwabciyarmu, wata tsohuwa 'yar Gbagyi, ta ajiye itacen da ta ɗauko daga daji a kafaɗa, ta tsaya tana kallonsa. Ta ce ita dai tumatirinta ba ya nuna sai ya ga wata uku. Ya bayyana mata cikin ladabi cewa wannan irin Turawa ne, an auna shi.

"To Malam," in ji ta, "shi tumatirin ya san an auna shi?"

Sai da irin ya yi wata guda sannan ya isa dashe. Bayan dashen ya kwanta kamar marar lafiya, ya yi mako bai motsa ba. Malam kullum da safe sai ya je ya tsuguna a kansa, ya dawo ya soke rana ɗaya a kalanda, ya dubi cikina. Mu biyu yake jira.

Ni na riga. Na haihu saura kwana goma a lissafinsa. Ranar suna tumatirin bai wuce girman goruba ba, kore shar, in ka jefi akuya da shi sai ta yi kuka. Malam ya tsinko rabin kwando ya rufe cikin tukunya da toka ko zai yi ja. Bai yi ba. Tsohuwar nan ce ta aiko da kauɗar tumatirinta na bara, da ita aka yi miyar suna. Baƙi suka ci suna yaba gonar Malam, shi kuwa yana ta gyara hula.

Malamin gona ya zo barka, Malam ya ja shi gefe ya nuna masa takardar. Mutumin ya yi dariya har da tari, ya ce ai daga ranar dashe ake fara ƙirgen, ba daga ranar yafa iri ba. Malam ya juya takardar gaba da baya, ya ce ba a rubuta haka ba.

Ina gab da gama wankan jego tumatirin ya nuna, gaba ɗaya kamar an kira shi. Muka ci a miya, muka ci a kwaɗo, muka rabar har mutane suka fara kauce wa Malam a hanya. Sauran na yanka na shanya a kan rumfa, birai suka fito daga daji suka taya mu. Malam ya bi su da bulalar aji har bakin rafi, ya dawo da takalmi ƙafa ɗaya.