Zoben da Ba a Cirewa

Inna ce ke yi wa matan unguwarmu wankan gawa a Limancin Kona. Kafin ta taɓa ruwa sai ta zare wa mamaciya 'yan kunne da awarwaro da zobe, ta damƙa wa 'ya'yanta. Kullum cewa take yadda aka zo haka ake komawa.

Shekarar da numfashi ya fara gagararta, daga ɗaki zuwa bakin rijiya ma sai ta tsaya hutawa. A asibiti likita ya dinga goga mata wata 'yar na'ura a ƙirji, sai ga zuciyarta a allo. Na saki baki ina kallo kamar a mafarki. Wani abu mai kama da hayaƙi yana buɗewa yana rufewa, ja da shuɗi suna shiga juna. Ya ce wata 'yar ƙofa ce a zuciyarta ta saki, ba ta rufuwa ruf, jini na komawa baya. Za a yi mata aiki a ɗinka zobe a bakin ƙofar ya tsuke ta.

"Wa zai cire min shi ranar da na mutu?" in ji Inna.

"Ba a cirewa, Hajiya."

Ta gyara mayafinta ta ce mu tafi gida.

Ni kuwa zuciyata a kusa take. Na yi faɗa, na yi kuka, na ɗauko yayanta da ke karantarwa a zaure, ya ce mata wannan lalura ce, ba ado ba. Ta ce ta ji. Inna in ta ce ta ji, to a bar maganar kawai.

Wata la'asar da damina, ruwa ya ɗauke, indararo na ɗiga a hankali, katangar gida na ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ina matsa mata ƙafafunta da suka kumbura, idonta a lumshe, har na ɗauka barci ya sace ta.

"Ba haramci nake tsoro ba," ta ce. "Na san idon mata a wurin wanka. Ba na son baƙon hannu ya tsaya a tabon ƙirjina yana lalube. In na yarda, ke za ki wanke ni."

Ni da ko layin da ake zaman makoki ba na bi. Tsoro ya kama ni har cikin ƙashi, amma na ce to.

Aka yi aikin, ta miƙe. Bayan ta yi ƙwari, wata tsohuwa ta rasu a Ƙofar Kibo, aka aiko kiranta. Ta miƙo min ƙwarya da ganyen magarya ta ce in shige gaba. A ɗakin ta tsaya a bayana, ina jin numfashinta yana fita lafiya lau. Na durƙusa na ɗibi ruwa a ƙwaryar.

"Fara da dama," ta ce. "A hankali, kamar ni ce."