Kwalin Tabar Alhaji Garba a Durowata

Har yau ban manta da ranar da Alhaji Garba ya shigo shagon nan ba, a kakar bara waccan, ana tsakiyar casar masara. Ku da kuka zo koyon gyaran waya daga baya ba ku san shi ba. Dillalin hatsi ne a Dandume, dattijo mai faɗa kamar me, amma in ya yi magana ɗaya ba ya yin ta biyu.

Ya yi sallama, ya ajiye abu biyu a kan teburina. Na farko wani ɗan ƙarfe ne mai tsawon yatsa, yana ƙyafta jar wuta. Na biyu kwalin taba sigari, sabo dal, ko ledarsa ba a ɓare ba.

"Injiniya," ya ce, "ka gyara mini wannan, ko kuwa in buɗe wancan."

Sai da ya zauna na ji labarin. Tun yana saurayi yake shan taba. Tari ya kwantar da shi, likita a Malumfashi ya ce ƙirjinsa ba zai ƙara ɗauka ba. Ya yi wa matarsa Hajiya Binta alkawarin ya bari. Ɗansa da ke aiki a Abuja ya aiko masa da sigarin lantarki, wanda ake zuƙar tururi maimakon hayaƙi, wai a riƙa rage masa ƙarfi sannu a hankali har ya rabu da abin. Matsalar ita ce ba ya aiki sai an haɗa shi da manhaja a babbar waya, Alhaji kuwa 'yar ƙarama mai tocila yake riƙewa. Sai aka haɗa da wayar Hajiya. Rannan manhajar ta ce sai an sabunta ta, aka fara, sabis ya ɗauke a tsakiya, abin ya kulle kansa.

Na kwance shi kamar yadda nake koya muku. Batir lafiya lau, wajen caji lafiya, ba waya ɗaya da ta tsinke. Abin da ya ƙona mini rai ke nan. Ka ba ni abin da ya ƙone, in sauya. Amma abu ƙalau a hannunka, an saye shi da gumi, wani can a ƙasar da ba mu sani ba ya sa masa kwaɗo! Na gwada da wayata, manhajar ta ce wayar ta tsufa. Na aro ta maƙwabcina, sabuntawar ta kai rabi ta tsaya cak. Wallahi ji na yi kamar in maka shi da bango.

Alhaji yana kallona, hannunsa yana matsawa wajen kwalin.

To, kun san ƙa'idar shagon nan. Duk abin da mutum ya ajiye a tebur, ana manna masa salatif, a rubuta sunansa, a sa a durowa, ba ya fita sai an gama aiki. Na yanki salatif biyu. Ɗaya na manna wa ƙarfen, ɗaya na manna wa kwalin, na tura su durowa na murɗa makulli.

"Kai! Tabar ma gyara za ka yi mata?"

"Alhaji, tare suka zo, tare za su fita. Ka dawo gobe."

Ya yi dariya har tarin ya taso masa. "Ku masu gyara da gobenku! Allah ya shirye ku."

Ni da shi mun san kowane mai tireda a nan Funtuwa yana da taba. Amma ya faɗa da bakinsa cewa wancan kwalin zai buɗe, kuma girmansa ba zai bar shi ya sayi wani a ɓoye ba.

Washegari ya dawo, abin bai gyaru ba. Ya zage ni tas, ya zagi kamfanin, ya tafi. Ba jan rai nake yi masa ba, kullum sai na gwada. In ya rako motar hatsi sai ya leƙo, yana tauna kanumfarin da Hajiya ke ƙulla masa a leda, ya ce, "Yau ma goben ce?" Da farko yakan zo ido jajir don rashin barci. Daga baya na lura yana gama faɗansa bai yi tari ba.

Sai bayan an gama kwashe amfanin gona wani abokin aikinmu ya sayi sabuwar waya, muka gwada, jar wutar ta koma koriya. Na kira Alhaji da murnata. Ya zo, na buɗe durowa na miƙa masa kayansa duka biyu. Ya jujjuya ƙarfen a tafin hannunsa.

"Yanzu in ya sake neman sabuntawa fa?"

"Sai a sake, Alhaji."

"Wato in roƙi wayar Hajiya, in roƙi sabis, in roƙi wani Bature, kafin in ja numfashi? Taba ta bautar da ni, yanzu waya kuma? A'a. Mayar da su."

Ya biya ni aikina, ya ce in gaida gida. Na yi farin ciki rannan fiye da ranar da na buɗe shagon nan.

Abin da na koya shi ne, mutum ba ƙarfe kaɗai yake kawo mana ba. Kafin ka ɗauki sukundireba, ka saurari abin da yake tsoron rasawa. Kamfanoni za su ci gaba da kulle kayansu, mu kuma mu ci gaba da fama, amma mutanenmu sun fi ƙarfin abin da suke zato.

Ku buɗe durowar ƙasa ku gani, suna nan da salatif ɗinsu. Alhaji yakan biyo ta nan har yanzu, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Injiniya, kayana fa?" In ce masa ya dawo gobe. Sai ya ce, "Allah ya kai mu," ya wuce abinsa.