Jirgin da Yaya Ya Bar Min

Ni ba na iya jira. Duk wanda ya san ni a ƙauyenmu na wajen Taba zai faɗa maka haka tun kafin ya faɗa maka 'yar gidan wa ce ni. In na ɗora ruwa a murhu, tsayawa nake a kansa ina masa faɗa. A coci kuwa, da zarar fasto ya sake cewa "a ƙarshe", na riga na zura takalmina. Shi ya sa har yau 'yan gidanmu ke mamakin yadda na kwashe kusan rani guda ina zura wa baƙar fuskar waya ido, alhali ba abin da ke motsi a cikinta.

Wayar ta yayana ce. Mu biyu Mama ta haifa, shi da ni, kuma tun rasuwar Baba shi ne mai magana a gidan. Ya yi karatun wayarin lantarki a Zariya, ya samu aiki a Fatakwal, ya sayi sabuwar waya, ya bar mana tsohuwar don Mama ta riƙa jin muryarsa. Ni a lokacin na gama sakandare, lissafi ya kayar da ni, ina zaune sai an sake buɗe rajista. Ƙawayena duk sun watse, wata Kaduna, wata Zariya, wata ɗakinta. Aikina shi ne gadin shanya. In tumatir ya yi yawa a fadama kasuwa ta ƙi shi, sai a tsattsaga a baje a fili ya bushe, a zuba a buhu a ajiye. Dole wani ya zauna daga hantsi har rana ta yi sanyi, yana korar awaki da kaji. Wannan wanin ni ce.

Ana gobe zai tafi ya same ni a wurin shanyar, ya zauna a gindin ɗorawa ya ce, "Auta, zo ki ga wani abu."

Wasa ne na jirgin sama jannati. Na taɓa ganin irinsu a wayar samari, ana harbe-harbe, duniyoyi na wucewa kamar mangwaro a faifai. Wannan babu harbi. Jirgi ne ɗan ƙarami a tsakiyar baƙi, sai ɗigo-ɗigon taurari da ko gezau ba sa yi.

Na ce, "Ya tsaya ne?"

"Gudu yake, gudun da ba a taɓa ƙera jirgi mai irinsa ba."

"To me ya sa ba ya wuce komai?"

"Don babu komai a wurin. Abin da nake so da shi ke nan. Waɗanda suka yi shi ba su yi ƙarya ba, yadda nisan yake a sama haka suka bar shi."

Ganin na fara hamma sai ya tashi. Ya ɗauko ɗanyen tumatir ɗaya ya dasa a kan dutse ya ce wannan rana ce. Ya yi 'yan taku, ya lashi yatsa ya ɗauko ƙwayar yashi guda ya ce ga mu nan, da Kudan da Fatakwal da teku da kowa. Ya laluba aljihu ya samo ƙwayar waken soya, ya kama tafiya, ya wuce shanyarmu, ya wuce ta maƙwabta, sai da ya kai bakin kwata sannan ya ɗaga hannu yana ihu, wai nan ne duniya mai zobe, can jirginsa ya nufa.

Na ɗaga murya na ce, "Taurarin fa?"

"Wanda ya fi kusa da wannan tumatirin ya wuce Legas, yana cikin ruwa!"

Da ya dawo yana haki ya nuna min abin da zan yi. Jirgin ba ya tafiya sai wasan na kunne. Lokaci zuwa lokaci zai kauce hanya kaɗan, sai a daidaita masa hanci. Akwai wurin aika rahoto gida, su kuma su amsa. A ƙasa can gefe akwai madanni mai kibiya biyu, na sa lokaci gudu.

"Wannan kada ki taɓa min shi. Wanda ya danna shi hoto ya gani, bai je ba. Ni na fito da shi daga gida, ke ki ƙarasa min. In ya isa ki faɗa min yadda wurin yake."

Na ce, "Ni? Ni da ba na iya jiran tuwo ya huce?"

Ya ranƙwashe ni a ka. "Shi ya sa na ba ki."

Haka na fara. Da safe in shimfiɗa ɗan faifan sola da ya bari, in jona wayar, in rufe ta da gefen zani don kada ta yi zafi. Da farko haushi nake ji. Nakan zagi jirgin, in zagi waɗanda suka yi shi, in ce wane irin marar aikin yi ne zai zauna ya ƙera wofi ya ba mutane. Yatsana ya sha zuwa kan madannin nan ya dawo. Amma filin shanya ma wofi ne. Ja ne shimfiɗe har iya ganinka, ga ƙuda, ga warin tumatir mai tsami, in ka ji muryar mutum to daga nesa ne, mai ban ruwa yana yi wa injinsa faɗa. Sai na ga gara wofin da aka bar min amana.

A hankali na fara lura da abubuwa. In na juya jirgin baya, duniyarmu da na tarar kamar ƙwallon yara shuɗi ta koma ɗigo, daga baya sai na neme ta da ƙyar. Rana na ƙanƙancewa. Amsar rahoto da ke zuwa kafin in sha ruwa ta koma sai na zagaya shanya na dawo, daga baya har sai na tsaga rabin kwando. Yaya ya taɓa ce min ba sabis ne ke da matsala ba, saƙon ne ke tafiya da saurin haske, kuma hasken ma sai ya yi tafiya. Ban yarda ba a lokacin. Da na zauna ina jiran amsar da kaina, na yarda.

Duk Lahadi bayan an taso coci yake kira. Mama ta fara, ta tambaye shi abinci, ta tambaye shi ko yana zuwa sujada, sannan ta miƙo min. Farko shi ke riga ni: "Direba, ina aka kai?" In faɗa masa, ya yi dariya. Daga baya ni ke kawo zancen, ya ce, "Yauwa, da kyau, ci gaba." Sai aka fara tsallake Lahadi. Aiki ya yi yawa, ana tura su cikin ruwa, ba sabis. Ban yi fushi ba. Na ce a raina ai muna tare, shi yana riƙe da can, ni ina riƙe da nan, ranar da jirgin ya isa zan samu labarin da zai sa ya ajiye duk abin da yake yi ya saurare ni.

Ɗigon da na nufa ya fara nuna kunnuwa biyu a gefe, alamar zoben, lokacin da wayar ta ƙi tashi. Zafin bazara ne ya dafa ta. In ka kunna sai ta nuna tambarinta ta tsaya nan. Na cire batir, na hura, na sa ta a inuwar randa, a banza. Na tura ta ƙarƙashin filo na ce sai na samu zuwa Ikara wurin wani mai gyaran waya da na sani ba ya gaggawa.

Washegari kasuwar Makarfi ce. Na tafi fadama ɗiban tumatir tun da sassafe, Mama kuma ta bi mota da buhunan busasshe. Ban san ta ɗaga filona ba. Da yamma ta shigo fuskarta wasai, ta kwance bakin zani ta miƙo min wayar da ɗan farin salatif manne a bayanta.

"Ga ta nan ta tashi. Na kai wa mai gyaran waya na kasuwa, yaron kirki ne, nan take ya yi mata filashin. Kar Lahadi ta zo yayanki ya kira ya ji ta a kashe."

Mu nan duk wayar da ta sandare maganinta ɗaya ne, a wanke ta tas ta koma kamar daga kwali. Kowa ya san haka, ba wanda ke tambaya me ke ciki, don me ke ciki in ba waƙoƙi da lambobi ba? Na kunna. Ba jirgi, ba wasa, ba komai.

Na yi wa Mama tsawa, abin da ban taɓa yi ba. Ta tsaya tana kallona ta ce, "A kan wasan yara?" Ban ci tuwo ba ranar.

Da kasuwa ta zagayo na tafi da kaina. Mai gyaran yana zaune ƙarƙashin lema da kwamfutarsa, wayoyi jere a gabansa kamar ƙosai.

"Kai ne ka wanke wayar nan?"

Ya duba salatif ɗin. "Aikina ne. Ta sake tsayawa?"

"Ka tambayi abin da ke ciki kafin ka goge?"

"Haba 'yan mata. Mama ta ce a tashe ta, na tashe ta. In hoton saurayi ne, ya sake turo miki, ai bai mutu ba."

"Jirgi ne."

"Jirgi." Ya juya ga na kusa da shi. "Ka ji, jirgi na goge. Na sama ko na ƙasa?"

Na kwatanta masa wasan, ina ji kamar in kife teburin. Ya daina dariya, ya bincika, ya ce ya samu irinsa, ya saukar min. Ya buɗe ya gwada da kansa, ya jujjuya wayar, ya ce, "Wannan ai bai gama sauka ba, ba ya motsi." Na fizge abata.

A motar dawowa na buɗe. Jirgin na zaune kusa da duniyarmu, shuɗiya ƙatuwa, kamar ba a taɓa zuwa ko'ina ba. Ba wanda Yaya ya fito da shi ba ne. Na yi tunanin in sake daga farko in yi shiru da bakina, amma damina ta kusa, shanya ta kusa ƙarewa, kuma na san kaina.

Washegari a gindin ɗorawa na saita hancinsa, na danna madannin. Tafiyar da ta cinye min rani ta wuce kafin inuwa ta matsa. Ko da gudun ma baƙi ne kawai, sai can ɗigon ya kumbura ya cika fuskar wayar. Launin ƙasa-ƙasa ne da ratsi-ratsi, zoben siriri kamar bakin faifai, inuwarsa kwance a jikinta. Da na matsa kusa sai na ga zoben ba abu ɗaya ba ne, ɓaraguzan ƙanƙara ne birjik suna zagaye. Yana da kyau, ba zan yi ƙarya ba. Na juya jirgin baya. Rana ta zama fitila 'yar ƙarama a ƙarshen gari. Na nemi inda muke na rasa.

Ranar Lahadi ya kira. Ban bari Mama ta fara ba, na ɗauka na fita bayan ɗaki. Na shirya zan faɗa masa duka, zafin, filashin, da abin da na danna, ya yi min faɗa in ji daɗi.

"Yaya, maganar jirgin nan."

"Wane jirgi?"

"Naka. Wanda ka bar min."

Ina jin ƙarar janareta a bayansa, da muryar wata mace tana tambayarsa wani abu da Turanci. Sai ya fashe da dariya. "Au! Wai har yanzu kina nan da abin nan? Kai, Auta. Ni na ma manta sunansa. Kina karatun lissafin kuwa? Ba ni Mama, katina ya kusa ƙarewa."

Na kai mata. Na zauna a kan turmi ina jin rabin hirarsu, tana cewa to, to, Allah ya tsare. Da ta gama ta goge wayar da zaninta ta ajiye a cinyata. Tun ranar tsawar ba mu yi wata doguwar magana ba. Sai ta ce, "Jirgin naku, an same shi?"

"An samu wani."

"Ya kai inda za shi?"

"Ya kai."

"To, an gode Allah. Da mutane a can?"

"Babu kowa, Mama."

Ta jinjina kai, ta ɗauki tsintsiya. "To me ya kai shi?"