Ranar da Aka Wanke Bidiyona da Fetur

Shekarar da tumatir ya yi albarka a gonarmu ta bakin kanal, maigidana ya sayo bidiyo daga Kano. Cikin duk kaset ɗin da muka tara, ɗaya ne nake ji da shi: na walimar dawowar mahaifina daga Makka. A ciki Baba yana zaune a ƙofar gidanmu na Bunkure, yana rabon dabino yana tsokanar jikoki. Bayan rasuwarsa, nan kaɗai nake jin muryarsa.

Da hoton ya fara dishi-dishi, aka kira mai gyaran rediyo daga Kura. Ina tsaye ya buɗe murfin, ya nuna mini wani zagayayyen ƙarfe mai sheƙi, ya ce shi ne hed, shi ke karanta kaset. Ya ɗiga sifirit a farin ƙyalle, ya ɗora a hankali, ya juya ƙarfen da yatsa. "Hajiya, ban da auduga, ban da gurzawa," in ji shi. Tun daga ranar ni nake gogewa da kaina.

Wata Asabar na je suna Garun Malam. Da na dawo da la'asar, tun daga zaure na ji warin fetur. Ƙanin maigidana, wanda sana'arsa gyaran injin ban-ruwa, yana zaune a tsakar ɗakina, hannu duk baƙin mai. Bidiyon a buɗe, tsohon buroshi a gefe.

"Matar yaya, na wanke miki shi tas," ya ce yana washe baki.

"Da me?"

"Da fetur mana. Inji ai inji ne."

"Wane kaset ka gwada?"

Ya ɗan waiga. Sai na hango zaren kaset a bayansa, a cukurkuɗe, ya tsinke gida uku. Bidiyon ne ya tauna, shi kuma ya fizgo da ƙarfi. Rubutuna ne a jikin kwalin kaset ɗin: na walimar Baba ne.

Ban san ina da irin wannan muryar ba. Na ce wa ya sa shi? Wa ya ba shi izinin shiga ɗakina? Sai da maƙwabta suka leƙo ta katanga. Maigidana ya shigo yana cewa in yi haƙuri, ai ba da gangan ba ne, abin duniya ne. Wannan maganar ta fi ɓarnar ƙona mini rai.

Mai gyara ya liƙa abin da zai liƙu. Wurin da Baba ke magana ya tafi. Saura mutane suna cin shinkafa, da gefen rawaninsa.

Washegari ƙanin mijina ya aiko da kwandon albasa, wai ban-haƙuri. Na rabar wa maƙwabta, ko ɗaya ban yanka ba. Har yau in dangi sun taru yakan ba da labarin, ana dariya. Ni tashi nake in bar musu wurin.